Zoben aƙiƙ, carbi da sarƙa: abinda na gani a wani shagon masu azurfa

Maganar gaskiya zoben ya yi, carbin ma ba laifi in aka cire matsalar zare, amma sarƙar kam ban ji daɗinta ba ko kaɗan, kuma a kanta zan fi tsayawa saboda nasan mata da yawa suna siyan irinta a Instagram ko a hannun masu dawowa daga Umara ba tare da an faɗa musu me suka siya ba. Duka ukun na dutsen aƙiƙ ne, a shago ɗaya na siya, wani ɗan ƙaramin shago a cikin birnin Kano, na wani dattijo ne da yaronsa, daga gaba kanta ce ta gilashi cike da zobba, daga ciki kuma akwai maƙerin farfaru yana zaune yana aikinsa. Ba zan kama sunan shagon ba tunda akwai ƙorafi a maganata, kuma dai kaya iri ɗaya ne suke yawo a kasuwa, abinda zan faɗa zai yi miki amfani ko a ina zaki siya.

Zoben na maigida ne. Dutsen ja ne mai duhu, launin hanta, irin wanda masu sayarwa suke ce wa kabadi, an goge shi ya yi sumul ya ɗan tasa ta tsakiya, girmansa bai kai farcen babban yatsa ba. A cikin ɗaki zaki ɗauka baƙi ne ma, amma da Alhaji mai shagon ya kunna tocilar waya ya kara ta bayansa sai gaba ɗayansa ya ɗau haske kamar zoɓo mai kauri in kin ɗaga kofin gilashi a rana, kuma can ciki ana hango wasu siraran layuka a lanƙwashe, wani gefen ya fi wani duhu. Toh wannan rashin daidaiton shi ake nema. Aƙiƙ a cikin ƴan ramukan duwatsun da aman wuta ya bari yake samuwa, ruwa ne mai ɗauke da sinadarin silika, wanda shi ne dai yake cikin yashi, yake tsatstsafowa ciki yana barin shimfiɗa kan shimfiɗa tsawon zamani har ya daskare, shi yasa ba zaki taɓa samun guda biyu masu zane iri ɗaya sak ba. In kika ga tire guda na zobba duk launinsu ɗaya tas babu layi babu gajimare, ki ja baya tukuna.

Inda shagon nan ya burge ni shi ne aikin maƙerin. Zobba da yawa na kasuwa gam kawai ake ɗiga wa a manna dutsen, ana ƴan watanni ana alwala da shi sai a wayi gari ido ya faɗi an bar mutum da fanko a yatsa. Shi wannan bakin azurfar ya lanƙwaso ya rungume dutsen ta ko'ina, na sa farce na zagaya ban ji inda ya kama ba, na girgiza shi kusa da kunne babu ƙas-ƙas. Kuma ya bar bayan a buɗe, wanda ni a ganina ya fi, haske yana ratsawa sannan ruwan alwala baya maƙalewa a ƙarƙashi ya tara dauɗa. Akwai hatimin 925 a ciki, ma'ana kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, sauran yawanci jan ƙarfe ne da ake haɗawa don ta yi ƙwari, don zallar azurfa laushi gare ta. Hatimi dai kowa zai iya bugawa, abinda ya kwantar min da hankali shi ne maigida yana sawa kullum, zafin nan na Kano da gumi da komai, yatsansa bai yi kore ba kuma bai yi ƙaiƙayi ba. Wani abu kuma da ban zata ba, kafin a ɗaura dutsen, Alhaji da kansa ya ɗora azurfar a sikeli a gabana yace, "Hajiya duba nan, bai kai dirhami biyu ba." Malamanmu na Malikiyya sun ce zoben azurfar namiji kada ya wuce nauyin dirhami biyu, wajen giram 6 kenan, kuma masu sayarwa ƙalilan ne suke damuwa su tuna maka. Wallahi wannan ya ƙara masa daraja a idona.

Sai maganar Yamani, don kowane mai zobe a garin nan nashi ɗan Yaman ne. Nace masa, "Alhaji tsakaninka da Allah wannan na Yaman ne?" Sai yace, "Hajiya wanda ya kawo min daga Jidda haka yace min, ni kuma ban je bakin ramin ba, abinda zan iya rantse miki a kai shi ne dutse ne ba kwalba ba." Na fi son wannan amsar sau dubu akan rantse-rantsen da ake yi. Aƙiƙin Yaman gaskiya ne akwai shi kuma ya yi suna tun da, ana haƙo shi a duwatsun yankin Anis a lardin Zamar kudu da San'a, ana yanka shi a tsohon birnin San'a, amma da hannu ake fitar da shi kaɗan-kaɗan, ga yaƙin da ƙasar take ciki tun wajen 2015, toh ta yaya zai cika kowace kanta daga Madina har Kano? Mafi yawan aƙiƙin da yake kasuwar duniya daga kudancin Brazil yake fitowa, jihar Rio Grande do Sul, da maƙwabciyarta Uruguay, sai kuma Indiya, inda garin Khambhat na jihar Gujarat ya shahara da yanka shi da huda shi tun ɗaruruwan shekaru. Kuma da ido kawai ba a iya raba jan Indiya mai kyau da jan Yaman. Don haka ni shawarata ki biya kuɗin kyan da idonki ya gani da aikin azurfar, kada ki yarda a ninka miki kuɗi saboda sunan ƙasa da babu mai iya tabbatar miki.

Jan ma kansa yawanci gasa shi aka yi. Dutsen yana fitowa ruwan ƙasa-ƙasa ko ɗorawa-ɗorawa, a shanya shi a rana sannan a zuba a tukwanen ƙasa a gasa, ƙarfen da ke cikinsa ne yake juyewa ya yi ja. Wannan ni ban ɗauke shi algus ba, sana'a ce da ake yi a Indiya shekaru dubbai, kuma jan baya fita har abada tunda daga jikin dutsen yake.

Rini kuma daban. Nan ne sarƙata ta shigo.

Ranar da na koma karɓar zoben, Alhaji baya nan, yaron ne a kanta, sai idona ya faɗa kan wata sarƙa mai duwatsu zagayayyu, ruwan hoda mai ƙarfi an sassaka shuɗi a tsakani, ta yi kyau ba ƙarya kuma ta dace da wani leshi da nake da shi. Na tambaye shi ƙarara ko launin na asali ne, yace, "Anti haka Allah ya halicce shi, daga ƙasa aka tono shi a haka." Na sa ta zuwa wani biki, kinsan yadda ake, an fesa turare an shafa humra ga zafi ga cunkoso, ina dawowa gida na cire mayafi sai ga wuyan farar rigar ciki ya yi shatin ruwan hoda, wuyana ma haka. Da na duba duwatsun da kyau a haske sai naga launin ya fi taruwa a bakin hudar da cikin ƴan tsage-tsagen dutsen, ya yi duhu a nan, sauran jikin kuma ya fara kwashewa. Na ɗiga ruwan goge farce a auduga na murza guda ɗaya ta wajen maɗaurin, audugar ta fito jawur. Raina ya ɓaci sosai, ba don rigar ba, don na tambaya aka kalli idona aka faɗa min abinda ba shi ba.

Abinda ya sa ake iya rina aƙiƙ shi ne yana da ƴan ƙofofi ƙanana da ido baya gani, yana shan ruwa a hankali, wani layin ya sha da yawa wani ya ƙi sha. Kuma yawancin wanda ake tonowa a Brazil toka-toka ne mara armashi, sai an rina yake sayuwa. Jamusawan garin Idar-Oberstein su suka ƙware a wannan a ƙarni na 19, lokacin da nasu dutsen ya ja baya suka koma shigo da na Brazil. Baƙi misali, a ruwan suga ko zuma ake jiƙa dutsen ya daɗe yana sha, sannan a sa shi a asid mai ƙarfi sugan ya ƙone a ciki ya zama gawayi, shi yasa kusan duk baƙin dutsen zobe mai sheƙi da kike gani haka aka yi shi, kuma irin wannan baya zuba. Irin wancan tsohon aikin yana riƙewa. Ko tsakiyar da kakanninmu suke ɗaurawa da talhatanar nan mai kusurwa uku da ake gani a wuyan Buzaye, da yawansu daga Khambhat da Idar-Oberstein fatake suka kawo su, ga su nan har yau a adakar tsofaffi launinsu bai gushe ba. Matsalar ita ce rinin zamani mai arha, ruwan hoda mai kashe ido, shuɗi mai ƙarfi, ruwan goro mai walƙiya, shunayya, kore shar, wanda ake tsomawa a kwashe a zuba a kasuwa, rana tana cinye shi, turare yana narkar da shi. Aƙiƙ shuɗi na asali akwai, ana samunsa a Namibiya, amma shuɗinsa fari-fari ne mai sanyi da layuka sirara, ba ya ihu.

Ni fa ban ce kada a sayar da rinanne ba. Dutse ne na gaske, yana da kyau, yarinya zata sa ta yi kwalliyarta, amma a faɗa mata rinanne ne, a sayar mata a kuɗin rinanne, ta san yadda zata kula da shi. Shi kenan abinda nake nema.

Da na mayar, Alhaji bai yi min musu ba, ya ɗauki sarƙar ya juya ta sau ɗaya yace rini ne, ya kira yaron ya yi masa faɗa a gabana, yace in zaɓi wata in cika kuɗi ko ya dawo min da nawa. Na zaɓi wata mai launin toka da ruwan ƙasa da farin layi-layi, yace irin na Botswana ce, ba ta da hayaniya amma tana shiga da kusan kowace atamfa, kuma na murza mata auduga a nan gaban kanta ta fito fara tas. Na yaba da yadda ya karɓi maganar. Sai dai har yanzu ina ganin alhakin shago ne, mai shago ya san wa ya bari a kanta, kuma da ƴar takarda ce kawai zai liƙa a tiren ya rubuta rinanne, magana ta ƙare.

Akwai kuma wani abu da yaron yake yi da nake roƙon Alhaji ya hana shi. Duk wanda ya tsaya sai ya fara jero masa sirrin dutse, wai yana jawo arziki, yana kare sammu da kambun baka, yana saukar da hawan jini, har da cewa in an saka shi ba a talauci. Ummata tana da hawan jini, nasan yadda tsofaffi suke riƙe irin wannan magana, wata sai ta ajiye maganin asibiti ta dogara da zobe, wannan ba abin wasa ba ne, rai ne. Dutse baya saukar da jini. Ta ɓangaren addini kuma abinda ya tabbata a Sahihu Muslim daga Anas shi ne zoben Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na azurfa ne kuma dutsensa na Habasha ne, wasu malamai suka ce aƙiƙ ne ko ɗan uwansa jaza'u. Sarƙar Nana A'isha ma da ta ɓace a tafiyar nan da aka yi mata ƙage, ta jaza'un Zafar ce ta ƙasar Yaman. Wannan kaɗai ya isa mutum ya so dutsen. Amma hadisan da ake yawo da su na falalar aƙiƙ da kore talauci, malaman hadisi irinsu Uƙaili da Ibnul Jauzi sun ce babu wanda ya inganta a ciki. A sa shi don ado da ƙauna, arziki kuma a nema wajen mai bayarwa.

Carbin na Umma ne, ƙwaya 99, ja da fari a cakuɗe, kowace ƙwaya milimita 8. Daɗin ja gare shi, sanyi a hannu da asuba, ga wata ƴar ƙara mai daɗi in ƙwaya ta faɗa kan ƴar uwarta. Amma da nauyi, wajen giram 70 ne, ba irin na sawa a aljihu ko naɗawa a hannu a tafi unguwa ba, in don yawo ne ki ɗau mai 33. Matsalarsa zare. Da zaren auduga siriri aka shirya shi, bakin hudar aƙiƙ kuma kaifi gare shi in ba a goge ba, yana cin zaren a hankali, rannan tana cikin lazimi ya tsinke ƙwayoyin suka watse a siminti. Abin mamaki ko ɗaya bata fashe ba, guda biyu ne suka ɗan ɓantare a baki. Shagon sun sake shirya shi kyauta da zaren nailan mai kauri ninki biyu, maƙerin ya bi bakin hudojin ya rage musu kaifi, tun daga nan lafiya lau. Ki ce a yi miki haka tun ranar siya, kada ki jira ya tsinke. Na lura ma da ruwa yake gogawa ba a bushe ba, kuma haka ya kamata, don ƙurar dutsen nan ita take jawo ciwon huhun da ya kashe masu gurza aƙiƙ da yawa a Khambhat, talakawa masu aiki a tsakar gida babu ko takunkumi. Duk sanda naga carbi mai arha sosai sai na tuna da su.

Kula da shi ba wuya, don aƙiƙ dutse ne mai ƙwari. A ma'aunin taurin duwatsu da ya tsaya a 10, inda daiman yake sama, shi yana tsakanin 6.5 da 7, gilashi yana wajen 5.5, zinare da azurfa kuwa ko 3 da ƙyar suke kaiwa. Abinda hakan yake nufi a cikin akwatin sarƙoƙinki shi ne aƙiƙ ne zai karce miki zinare ba zinare ne zai karce shi ba, don haka ki ware masa ƴar jakarsa ta yadi shi kaɗai. Wanki kuma ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu mara ƙarfi da tsohon burushi mai laushi, a ɗauraye a goge da tsumma a bar shi ya sha iska a inuwa. Banda bilic, banda omo, banda tafasasshen ruwa. Lokacin hunturu kada ki murje ƙurar da ke kansa a bushe, ƙurar nan akwai yashi a cikinta mai taurin da ya kai nashi, a hankali take dusar da sheƙin, ki fara ɗaurayewa tukuna. Turare da humra da mai a fara shafawa su bushe sannan a sa sarƙa, kuma kada a turara kaya da turaren wuta sarƙar tana jiki. Maigida na cire nashi in zai taɓa injin janareto ko ɗaga wani abu mai nauyi, don duk taurinsa in ya daku da ƙarfe ko tayil yana iya tsagewa. Azurfar kuma dole ta yi baƙi wata rana, halinta ne, iska da gumi da su albasa da ƙwai ke jawowa, ba alamar jabu ba ce. Na san ana cewa a goge da toka ko man goge baki, yana haskawa kam amma yana barin ƙananan karce, gara tsumma mai laushi, in ta yi baƙi sosai a kai wa maƙeri, su a shagon nan basa karɓar ko sisi in a wajensu aka siya.

In zaki gwada na gaske a kanta, ki kara shi a kumatu, dutse sanyi gare shi kuma yana daɗewa bai ɗau ɗumin jiki ba, roba kuwa nan take take ɗumi ga ta shafal babu nauyi. Kwalba ita ce mai ruɗi don ita ma da sanyinta, sai ki haska tocila ki nemi ƴan ƙwayoyin iska zagayayyu a ciki, in kin gansu kwalba ce. Bakin wuƙa baya karce aƙiƙ, in mai kaya ya yarda a gwada ta baya inda ba a gani. Amma don Allah kada ki bari a yi miki gwajin nan na kunna laita a ƙarƙashin dutse, ko na naɗa gashi a ƙona, baya nuna komai tunda kwalba ma tana tsallakewa, kuma zafi farat ɗaya yana fasa dutse mai kyau.

Zafin nan shi ne dalilin da ya sa awon yatsa yake da muhimmanci tun farko. In zobe ya yi kaɗan ko ya yi yawa aka zo gyara, da wuta ake like azurfa, kuma dole a ciro dutsen kafin a sa wuta sannan a mayar, bakin da aka lanƙwasa kuwa in aka buɗe shi aka rufe baya komawa daidai yadda yake da. Na maigida da zare na auna yatsansa na kai, Alhaji ya ƙi karɓa yace zare yana miƙewa, sai dai maigida ya zo da kansa, kuma ya zo da yamma lokacin da yatsa ya ɗan kumbura da zafin yini ba da sassafe ba. Ya je bayan la'asar aka gwada masa zobban awo, aka ɗauki wanda yake wuce gaɓa da ɗan ƙoƙari kaɗan. In saƙo zaki yi daga wani gari, ki aika da tsohon zoben da mutumin yake sawa a wannan yatsan, su auna da shi.